Daren Taune-taune a Alajo

A wani gidan haya da ke Alajo, ba nisa da bakin rafin Odaw, akwai wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, wadda babba da yaro a layin ke kira Mma. A zangon Kumasi aka haife ta. Kakanta Bakatsine ne, fataucin goro ya kai shi Salaga, zuriyarsa kuma ta gangaro kudu bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar garin a 1892. Aure da neman abinci suka kawo ta Accra, wadda Hausawan zango ke kira Ankara. Ta haifi bakwai, biyar suna raye. Ɗakinta na kallon na autanta, direban motar haya irin wadda mutanen Gana ke kira trotro, wanda ke zaune da matarsa tela da 'yarsu mai wata 18. Wannan jika ita Mma ke tsokana da sunan kishiya, kamar yadda kakanni mata suka gada, tana cewa ta zo ne ta ƙwace mata miji da tukunya.

Mutanen Alajo ba sa nauyin barci a watan Yuni. Tun ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah ta hallaka mutane kimanin 150, duk daren da hadari ya haɗu sai dattawan unguwa su kwanta da kunne ɗaya a waje. A irin wannan dare ne Mma ke zaune bakin ƙofa da carbi, tana duban yadda ruwa ke taruwa a tsakar gida. Kwana biyu ke nan kishiyar na fama da mura: majina, tari kaɗan, ƙin abinci. Rabin yaran gidan haka suke, don haka babu wanda ya ɗaga hankali. Da magariba jikinta ya ɗan yi ɗumi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, uban bai dawo daga aiki ba, sai ihu ya tsaga ƙarar ruwan sama.

"Mma! Mma! Ki zo, za ta mutu!"

Ta tarar da yarinyar a hannun uwarta, jiki ya sandare kamar icce, idanu sun juye sama sai fari. Can sai hannuwa da ƙafafu suka shiga fizga, haƙora suka datse, yawu na dalala ta gefen baki, leɓɓa suka yi duhu. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika da maƙwabta, kowa da nasa magani. Wata ta ce a matse albasa a ido. Wata ta ce a cusa tafarnuwa a hanci. Wata ta rugo da kwalbar man ja a ɗura mata. Wani dattijo daga bakin ƙofa ya ce mace ba ta ɗaukar yaro mai wannan ciwo, a miƙa wa namiji. Mma ba ta ce uffan ba. Ta koma ɗakinta ta ɗauko cokali, ta naɗe bakinsa da gefen zane, ta durƙusa za ta ɓamɓare haƙoran jikarta.

Sai surukarta ta riƙe mata wuyan hannu. Shekara uku da aurenta, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi uwar mijinta ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba.

"Mma, don girman Allah kada ki sa mata. A wurin awo an hana mu. Sun ce a kwantar da yaro ta gefe kawai, kada a sa masa komai a baki."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano. A gidan Bahaushe, ko a Katsina ko a Nima, suruka ba ta riƙe hannun uwar miji. Amma matan da ke tsaye ba su san abin da cokalin nan yake a wurin Mma ba.

A 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa a Gana, tana zaune da mijinta a wani ƙauyen masunta kusa da Yeji, bakin tafkin Volta. Ɗanta na biyu, mai shekara biyu, ya yi zazzaɓi kwana uku, ran na huɗu ya fara taune-taune. An yi masa hayaƙi, an yi masa tsaga, an kara tafin ƙafarsa kusa da wuta don ya farka. Bai sake buɗe ido ba. Bayan kwana biyu aka kai shi makwancinsa. A zaman makoki wata tsohuwa ta ce, cikin tausayi ba da nufin cin fuska ba, da an yi saurin sa cokali da harshe bai koma ciki ya toshe numfashi ba. Mma ba ta kai shekara 22 ba a lokacin. Ta haɗiye maganar, ta zauna mata a ƙirji shekara 40. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake makara da cokali ba.

Ba ta saki cokalin don ta gamsu ba. Suna nan a haka, hannu riƙe da hannu, sai fizgar ta fara lafawa da kanta. Uwar ta kwantar da yarinyar a tabarma ta gefen hagu, ta cire mata rigar sanyi da zanen da aka lulluɓe ta da shi. Yarinyar ta ja dogon numfashi, launin leɓɓanta ya dawo, ta yi ɗan kuka mai rauni, barci ya kwashe ta. Wani ɗalibin sakandare na gidan, wanda ya haska musu da fitilar waya, ya ce bai kai minti uku ba. Matan suka ce ƙarya yake, an fi rabin awa. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, domin agogon uwa ba ya tafiya daidai da na waya.

Tasi ya ratsa da su ta Kotobabi, ruwa na dukan gilashi, zuwa babban asibitin Maamobi. Uwar na riƙe da katin inshorar lafiya, tsarin da Gana ta kafa da dokar 2003, Mma kuma na rungume da jikar. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 39.4. Aka soki yatsa aka gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka auna sukarin jini, daidai. Likita ya lanƙwasa wuyan yarinyar ya ga ya bi hannu ba gardama, ya leƙa kunnuwa da maƙogwaro, ya ƙirga numfashi, ya saurari ƙirji. Yana cikin haka ta farka sosai, ta fizge na'urar daga hannunsa, ta nemi nono. Likitan ya yi murmushi, ya ce wannan rigimar ita ce alamar da ya fi so ya gani. Da Turanci da Tuwi yake magana, wata nas haifaffiyar Nima tana mayar wa Mma da Hausa. Ya ce mura ce ta kawo zazzaɓi, zazzaɓin kuma ya kawo jijjiga. Za su kwana a duba ta zuwa safe.

Mma ta matsa kusa da nas ɗin, ta rage murya don kada na gadon kusa su ji. "'Yata, faɗa mini tsakani da Allah. Farfaɗiya ce?"

Tambayar na da nauyi, domin Hausa na da kalmomi da dama a wannan fage, kuma bakin mutane kan cakuɗa su. Suma gushewar hayyaci ce. Jijjiga da taune-taune suna siffanta abin da ido ya gani ne kawai, wato karkarwar gaɓoɓi da taunar haƙora, ba su faɗi sanadi ba. Shi ya sa ake kiran na mai ciki da na jariri da suna ɗaya alhali cututtuka ne daban. Farfaɗiya kuwa sunan cuta ce mai maimaita kanta ba tare da zazzaɓi ba. Abin da ya sami kishiyar Mma shi likitoci ke kira jijjigar zazzaɓi: tana kama yaro tsakanin wata 6 da shekara 5, lokacin da zafin jiki ya kai digiri 38 ko fiye, ba tare da wata cuta ta shiga ƙwaƙwalwar kanta ba. Ta fi yawa tsakanin wata 12 da 18. A Amurka da Yammacin Turai kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na yara kan yi ta ko sau ɗaya, a Japan adadin ya fi haka. Tsohon sani ne: fiye da shekara 2,000 da suka wuce likitan Girka Hifokiratis ya lura cewa ƙananan yara ne zazzaɓi mai zafi ya fi jefawa cikin jijjiga, kuma abin kan ragu idan sun girma.

Sirrin yana cikin ƙwaƙwalwar yaro, wadda ba ta gama nuna ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan siririn lantarki suke isar wa juna saƙo, akwai masu zuga, akwai masu tsawatarwa. A ƙuruciya masu zugar sun fi ƙarfi. Idan bairos ya shiga hanci da maƙogwaro, jiki kan saki wasu sinadarai da ke ɗaga zafi don yaƙar cutar, su kansu sinadaran da zafin suna ƙara wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa saurin tunzura. In abin ya kai wani mizani sai su tashi gaba ɗaya lokaci guda, kamar kasuwar da aka yi wa ihun ɓarawo, sannan su lafa. Mizanin kowane yaro daban ne, kuma ana gadonsa, shi ya sa ake samun abin yana bin dangi. Sau da yawa a ranar farko ta zazzaɓi yake zuwa, wani lokaci ma jijjigar ce ke fara sanar da uwa cewa jikin ɗanta da zafi.

Ƙwayoyin da suka fi jawo ta na yau da kullum ne: bairos ɗin infuluwenza, da adeno, da farainfuluwenza, da wanda ake kira RSV, da wani mai suna HHV-6 da ke kawo zazzaɓin kwana uku sannan ƙuraje su feso. Da nau'in korona na Omikron ya bazu daga ƙarshen 2021, asibitocin yara a ƙasashe da dama sun ga ƙaruwar irin wannan jijjiga. A Gana, cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke bibiyar nau'o'in infuluwenza da ke yawo a ƙasar. A unguwanni irin su Nima da Maamobi da Alajo, inda iyali guda ke kwana ɗaki ɗaya, gida ɗaya kuma ya ɗauki iyalai goma, mura ba ta neman izini kafin ta zaga. Maganin kashe bakteriya, irin wanda ake saya a kemis da zarar yaro ya yi tari, ba ya taɓa bairos ko kaɗan.

Nas ɗin ta ce wa Mma ba farfaɗiya ba ce, kuma tana da hujja. A Amurka, Karin Nelson da Jonas Ellenberg sun bi sawun yara 1,706 da suka yi jijjigar zazzaɓi har suka kai shekara 7, suka wallafa sakamakon a shekarun 1970: babu ko ɗaya da jijjigar ta kashe ko ta shanye masa gaɓa. A Birtaniya an bi yaran da aka haifa cikin mako guda na watan Afrilu 1970, da suka kai shekara 10 aka tarar waɗanda suka yi jijjigar ba su gaza takwarorinsu a karatu ko kaifin basira ba. Idan jijjigar ta kama jiki duka, ba ta kai minti 15 ba, ba ta kuma dawo cikin awa 24 ba, yaran da daga baya kan kamu da farfaɗiya kimanin kashi 2 cikin 100 ne, alhali a sauran yara kimanin kashi 1 ne. Sai dai nas ɗin ba ta ɓoye mata ɗaya gefen ba: yaro ɗaya cikin uku kan sake yi idan wani zazzaɓin ya zo, musamman wanda ya fara da wuri. Farasitamol na sauƙaƙa wa yaro jiki, amma ba katanga ba ce da za ta hana jijjiga dawowa a wani ciwon. Asfirin kuwa ba a ba yaro mai mura, don yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Can cikin dare, uwar ta yi barci a kan benci, Mma ta ba nas ɗin labarin 1983, labarin da ko 'ya'yanta ba su taɓa ji daga bakinta ba. Nas ɗin ta saurara har ƙarshe.

"Mma, mutum ba ya haɗiye harshensa. A ɗaure yake ta ƙasa, taɓa naki ki ji. Cokali haƙori yake karyawa, ya yanka dasashi, man ja kuma ya bi ta huhu. Yaron da ya yi jijjiga bai farka ba har kwana biyu, a bakin ruwa, a wancan zamani, alamar maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa ke nan, ko sanƙarau. Allura yake bukata. Ko cokali goma kika sa, ba su za su tashe shi ba."

Mma ta daɗe ba ta yi magana ba. Daga baya ta ce, "Allah Ya jiƙansa," ta share fuska da gefen mayafi.

A nan ne tsoron tsofaffi ke da gaskiyarsa, kuma bai kamata a raina shi ba. A zamanin ƙuruciyar Mma, yaron da ya yi taune-taune sau da yawa maleriya ce ko sanƙarau, kuma da yawa ba su tashi ba. Abubuwa sun sauya. Gana ta shigar da rigakafin ƙwayar Hib cikin alluran jarirai a 2002, na ƙwayar numokokas a 2012, dukansu masu kawo sanƙarau da ciwon huhu. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna yara ƙanana masu ƙwayar maleriya a jini sun ragu daga kusan kashi 27 cikin 100 a 2014 zuwa ƙasa da kashi 9 a 2022, a yankin Ankara kuwa kimanin kashi 2 ne. Amma raguwa ba ƙarewa ba ce, kuma ido ba ya bambanta jijjigar mura da ta maleriya a tsakar gida. Don haka duk yaron da ya yi ta karon farko asibiti za a kai shi a gwada. Idan kuma ta wuce minti 5, ko ta kama gefe ɗaya na jiki, ko ta dawo a rana guda, ko wuya ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura, ko yaro ya kasa farkawa sosai bayan awa guda, ko numfashi ya yi sauri har haƙarƙari na lotsawa, ko jariri ne da bai kai wata 6 ba, to babu jiran gari ya waye. A asibiti akwai dayazifam da ke tsayar da doguwar jijjiga, lambar neman motar asibiti a Gana kuma 112 ce.

An sallame su da hantsi. Mura ta yi kwanakinta ta wuce. Abin da bai wuce ba shi ne magana. Cikin mako guda Mma ta lura wata maƙwabciya na janye ɗanta idan kishiyar ta miƙa hannu cikin kwanonsa. Wata ta daina aiko yaranta sayen koko. Kalmar da Mma ta tambaya a asirce ta riga ta zaga layin, tare da tsohuwar camfin nan cewa yawun mai farfaɗiya na yaɗa cutar, abin da ba gaskiya ba ne ko ga mai farfaɗiyar ta ainihi. Mma ta san inda irin wannan suna ke kai 'ya mace: a makarantar allo a ware mata wurin zama, bayan shekara 20 kuma masu binciken aure su ji an ce ai tana faɗuwa tun tana ƙarama.

Ba ta yi faɗa da kowa ba. Wata safiya, lokacin da layin masu saye ya fi tsawo, ta zaunar da jikar a cinyarta gaban tukunya, ta ɗebo koko ta ba ta, ta lashe sauran da ke cokalin, ta sake ɗebowa. Ta ce da ƙarfi, kamar da yarinyar take, "Sha, kishiya. Likita ya ce zafin mura ne ya hau miki kai, irin zafin kan ubanki." Aka yi dariya. Wata matashiya daga ƙarshen layi ta ce ai ƙaninta ma ya yi sau biyu yana yaro, ga shi yanzu yana jami'a a Legon. Wata ta ce nata ɗan ma ya yi, ta dai ɓoye ne. Ashe gidaje uku a layin sun ga irin daren, kowa ya rufe bakinsa don tsoron suna.

Tsakaninta da surukarta ba a taɓa tayar da zancen riƙe hannu ba. Sai dai bayan kwana biyu Mma ta aika mata da turmin atamfa a ɗinka mata, ta kuma biya kuɗin ɗinki cikakke, abin da ba ta taɓa yi ba.

A watan Janairu, ƙurar hunturu ta lulluɓe Ankara, mura ta sake zagawa gidan. Wata la'asar uwar ta tafi kasuwar Nima sayen zare, yarinyar na goye a bayan Mma da ɗan zazzaɓi, sai ta ji jikin ya sandare. Zuciyarta ta buga kamar yadda ta buga a Yeji. Ta kwance goyon, ta shimfiɗa zane a ƙasa nesa da murhu, ta kwantar da ita ta gefe, ta sassauta mata riga. Maƙwabta suka taso, mai albasa na gaba. Mma ta ɗaga hannu ta tsayar da su, ta kira ɗalibin nan ta ce ya duba wayarsa ya riƙa faɗa mata minti. Ta durƙusa tana karanta abin da ya sawwaƙa, tafin hannunta a ƙarƙashin kan yarinyar don kada ya bugu da siminti.

"Minti ɗaya, Mma."

"Ci gaba."

"Minti biyu."

Kafin ya ce uku jikin ya saki. Mma ta goge mata baki, ta jira numfashi ya daidaita, sannan ta ce a kira uwar a waya, a ce ta same su a Maamobi da katin asibiti, a gwada jini. Ta ɗaura mayafi, ta saɓa jikar a kafaɗa, ta ce wa mai albasa ta taimaka ta sauke mata tukunyar da ke kan wuta.